Kunnen Baba Mamman da Fom Ɗina

Litinin: Gusau

Ƙarfe shida saura minti ashirin na asuba na fito daga gidana da ke Tudun Wada, jaka a kafaɗa, sabuwar hula a kai. Maiɗakina Hadiza ta biyo ni har zaure tana cewa in zauna in sha koko, don babu direban da zai hau hanyar Tsafe kafin rana ta fito sosai. Na ce mata aikin ofis ba ya jiran koko. Da na isa tasha ni ne na uku: mai shayi da wani bunsuru sun riga ni.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Sunana Sanusi, ina aiki a wani kamfani da ke kula da gidajen ruwa a garuruwa da dama. Shekara goma sha ɗaya ina kan tebur ɗaya ina shirya takardun hutu da na ƙarin girma. Bana aka ce za a cire janareta a koma sola, kuma duk matsalar da ta taso ta waya za a riƙa aiko da rahotonta. Aka tura ni bita ta kwana uku, na dawo da satifiket da sabuwar tafiya. Shugabanmu, Injiniya Murtala, ya ce in zagaya in auna ma'aikatan gidajen ruwan a kan abu biyar: sauraro, iya yi wa mutane bayani, aiki da abokan aiki, warware matsala, da amfani da waya. Kowanne maki ashirin. Wanda ya kai hamsin za a tura shi horo. Wanda bai kai ba, ranar da aka cire janareta shi ma sai ya kama gabansa.

Ni na tsara fom ɗin da hannuna, shafi huɗu, da Turanci. Sau biyu na karanta wa Hadiza shi, ko da yake ba ta nema ba.

Sai ƙarfe bakwai da minti talatin da biyar muka tashi, bayan na sha shayi kofi biyu don kunya kada a ce zaman banza nake yi. Ƙaramar mota ce, mu shida, kujera dubu biyu da ɗari biyar. Direbanmu Lawali, siriri mai ƙaramin gemu, ya ce kowa ya yi addu'a, muka shafa, muka ɗauki hanya.

Hanyar Tsafe

Tsakanin Gusau da Tsafe kusan kilomita hamsin ne. Wanda ya san hanyar nan a 'yan shekarun nan ya san yadda hira ke mutuwa da kanta da zarar an bar gari. Kowa ido a daji, baki yana motsi. Wata dattijuwa a bayana ba ta ajiye carbi ba har muka sauka.

A shingen farko hannu kawai aka ɗaga mana. A na biyu, daf da Kwatarkwashi, inda dutsen nan ke tsaye a gefen hanya, wani soja ya leƙo ya nuna jakata.

"Malam, me ke ciki?"

Na gyara zama. Na ce masa kayan aikin tantance ƙwarewar ma'aikata ne, bisa sabon tsarin shirya su don fuskantar sauye-sauyen da ke tafe a harkar samar da ruwa. Na ƙara da cewa ƙwarewar kashi biyar ce. Na fara lissafa su. Ina kan ta uku na lura ya daina kallona, yana kallon jakar da sabon zargi. Motoci uku sun taru a bayanmu.

Lawali ya miƙo kai ya ce, "Ofisa, mai gyaran famfo ne."

"To ka ce haka mana!" in ji sojan, ya buga bayan mota muka wuce.

Ba wanda ya yi dariya sai da muka yi nisa. Dattijuwar nan ma sai da ta dakata da carbin na ɗan lokaci.

Tsafe, ƙarfe tara saura kwata

Gidan ruwan yana bayan gari. Ɗaki biyu ne, ɗaya na inji, ɗaya ofis, ga babban tanki a sama kan ƙafafun ƙarfe, ga jerin famfuna takwas a waje inda 'yan garuwa ke cika jarkokinsu. Mai kula da wurin shi ne Baba Mamman, gajeren dattijo mai furfura, shekara ashirin da huɗu yana wannan aikin. Ya tarbe ni da hannu biyu, ya kakkaɓe mini kujerar da babu wata sai ita, shi ya zauna kan bokiti.

Na miƙa masa fom. Ya juya shi, ya dube shi da ladabi, ya mayar mini. "Malam, ajami nika karantawa. Boko kaɗan-kaɗan, Turanci kuwa sai sunan kayan inji."

Na ce ba komai, zan karanta in fassara. Nan na gane wasu tambayoyin nawa ba su fassaruwa, don ni kaina ban san ainihin abin da nake nufi ba. Muka lallaɓa har muka zo kan warware matsala.

"Idan famfo ya tsaya ana cikin aiki, me za ka fara yi? Ga amsoshi huɗu, ka zaɓi ɗaya."

"Wane kuka yay yi kafin shi tsaya?"

"Baba, ba a faɗi kuka ba. Ya tsaya ne kawai."

"Inji ba ya tsayawa kawai. Sai ya yi magana tukuna."

Na duba amsoshina huɗu, babu magana a cikinsu. Na ba shi sifiri. A kan aiki da abokan aiki na tambaye shi taron ma'aikata nawa ya halarta bana, ya ce ba a taɓa kiransa ba, na ba shi biyar. Da muka zo kan waya, ya zaro 'yar ƙarama mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Na miƙa masa babbar wayar ofis in ga ko zai iya buɗe manhajar rahoto. Ya riƙe ta kamar an ba shi jaririn wani, ya taɓa da ɗan yatsa, fuskarsa ta fito a ciki, ya ce "A'uzubillahi," ya ajiye. Wani sifirin.

Na tara: talatin da ɗaya. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na sa fom ɗinsa a aljihun tebur. Ya kawo mini fura mai sanyi, na sha ba tare da na ji komai a raina ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya a duk tafiyar.

Bayan azahar ruwa ya fara ja da baya a famfuna. Inji yana ta ƙara amma tanki ba ya cika. Baba Mamman bai dawo daga masallaci ba, ya tsaya gaida wani maras lafiya. Kafin minti ashirin kurar 'yan garuwa ta kai goma sha biyar a layi, ga tsofaffin mata da bokitai, murya ta fara tashi. Na ce a raina ga dama ta samu, bari mutanen nan su ga yadda ake yi a zamanance. Na rungumi sauran fom ɗina, waɗanda zan yi aiki da su a Bungudu, don in fito da kamar babban ma'aikaci, na tsaya kan dakali.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Kamfani yana sane da halin da ake ciki, kuma ana ɗaukar matakan da suka dace."

Wani ɗan garuwa ya ce, "Wane ne wanga?"

"Baƙo ne daga Gusau."

"To shi ba mu ruwa mana, tunda daga Gusau yaz zo!"

Na dubi ƙarƙashin tanki, na ga wani jan bawul, irin abin murɗawar nan na buɗe bututun ruwa, a rufe. A bita an ce mana shugaba na gari ba ya tsoron yanke shawara. Na taka da ƙarfin gwiwa, na sa fom a hammata, na murɗa shi da hannu biyu.

Ashe na wanke tanki ne. Duk laka da gansakukar da ta kwanta a gindin tankin tun bara ta sauko mini a ka. Hula ta tafi. Fom ya zama kunu. Ina laluben bawul ɗin ido a rufe ina ƙara buɗe shi. Ɗan ruwan da ya rage wa mutane, wanda da an bi a hankali zai ishi gida goma, ya malale a ƙasa suna kallo.

Wani hannu ya ture nawa ya rufe bawul ɗin. Baba Mamman ne. Ya wuce ɗakin inji, na bi shi ina ɗiga. Ya ɗauki dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin famfon, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Bai fi a ƙirga goma ba.

"Iska yas sha," in ji shi.

Ya kashe inji, ya sassauta wani ƙaramin noti a sama, iska ta fito da huci, ya ɗura ruwa da buta har ya tumbatsa, ya ɗaure, ya tayar. Ƙarar ta canza. Ko ni da ban san komai ba na ji ta yi nauyi, kamar mutumin da ya ci ya ƙoshi.

Sannan ya fita wajen mutane. Bai hau dakali ba. "Rabin awa tanki shi ɗauka. Sani, kai da Isuhu ku je ku ci abinci, kurarku tana nan, ni ad da ita. Inna Luba, ɗiyarki na jego, ke za a fara ba, ko akwai mai magana?" Babu mai magana. Wani ya nuna ni ya tambayi abin da ya sa na buɗe bawul. Baba Mamman ya ce, "Dama tankin na son wanki. Baƙonmu ya rage muna aiki."

Inna Luba ce ta tsinto mini hulata a cikin kwata, ta miƙo mini ita da yatsa biyu.

Kwanan Tsafe

Na yi niyyar komawa Gusau a ranar, amma la'asar ta wuce, kuma ba a son hanyar da yamma. Baba Mamman ya ce babu zancen masauki, gidansa zan kwana. Aka wanke kayana aka shanya. Ya ba ni kaftaninsa, ya tsaya mini a gwiwa, wandon kuma bai san inda idon ƙafata yake ba. Haka na bi shi masallaci sallar magariba, ina gaisawa da mutanen da duk sun riga sun ji labarina.

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, muka ci a tabarma a ƙofar gida. Ya ba ni labarin wanda ya koya masa aiki, wani tsoho da ya rasu tuntuni, wanda ya sa shi ya yi wata uku yana zaune gefen inji kafin ya bar shi ya taɓa ko da noti ɗaya. Da muka wanke hannu sai ya ce,

"Malam Sanusi, na ci?"

Na ce sai an kai ofis an duba.

Ya yi murmushi. "Na ga layi biyun da kaj ja. Ba komi. Ni dai abin da nika so, in an kawo sabon injin a bar ni in ji kukanshi ko na wata guda ne, in faɗa ma wanda za a kawo abin da nij ji. Kar a bar mutanen ga da wanda bai san su ba."

Na ce tuwon ya yi daɗi.

Talata: Tsafe zuwa Bungudu

Ƙarfe takwas da minti goma muka bar Tsafe, bayan koko da ƙosai. Na ɗauko fom ɗin Baba Mamman daga aljihun tebur, shi kaɗai ne ya tsira, a bushe ƙalau da talatin da ɗayansa. A shingen Kwatarkwashi sojan jiya ya gane ni, ya ce, "Mai famfo, an gyara?" Na ce an gyara.

Tara da minti ashirin muna Gusau. Ban biya gida ba, don ban shirya amsa tambayar abin da ya sami hulata ba. Na hau babur zuwa inda motocin hanyar Sakkwato ke lodi, ƙarfe goma muka tashi. Bungudu ba nisa, kilomita ashirin da 'yan kai, minti talatin da biyar muka yi har da tsayawar da direba ya yi ya sauke buhun barkono.

Gidan ruwan Bungudu shi ne aka fara sa wa sola don gwaji. Mai kula da shi Malama Hassatu, mace mai kimanin shekara talatin da 'yan kai, mai difloma, shekararta huɗu da mu. Na tarar da ita tana goge faifan sola da tsumma a bakin sanda. Na fito da abin da ya rage na fom, ya bushe ya manne ya zama kamar ƙuli-ƙuli. Ta ɓamɓaro shafi ɗaya da ƙyar ta karanta.

"Malam, wa ya rubuta wannan?"

"Kwamiti," na ce.

"Kwamitin nan bai taɓa shiga gidan ruwa ba."

Na ce to mu bar takarda, mu je kan waya. Na zaro wayar ofis, ta ce in nuna mata yadda nake so a yi. Na buɗe manhaja, ta nemi lambar sirri. Na sa ranar haihuwata, ta ƙi. Na sa ta ɗana na fari, ta ƙi. A karo na uku ta rufe ni gaba ɗaya. Malama Hassatu ta kau da kai tana gyara mayafi, ta ɗauki lokaci mai tsawo tana gyara shi. Sannan ta fito da tata wayar, ta taka zuwa gindin matakalar tanki, inda ta ce nan kaɗai intanet ke kamawa, ta aika rahoton safe cikin minti ɗaya.

Da babu fom, sai na rasa abin yi ban da zama in kalle ta tana aiki. Wata mata ta zo da faɗa cewa kwana biyu layinsu babu ruwa. Hassatu ta bar ta ta gama kaf, ta tambaye ta layin wa, ta ce mata gobe da hantsi za a sako musu, in ba a sako ba ta dawo ta same ta nan. Matar ta tafi tana sa albarka.

Wajen sha biyu ta tsaya a ƙofar ɗakin famfo, ta karkata kai. "Tun safe yake wannan kukan, ban gane masa ba. Ni fa waya da mutane na iya. Ƙarfen nan ba wanda ya koya mini, wanda na gada ya yi ritaya sati biyu da zuwana."

"Sai ki aika rahoto ofis," na ce.

"Zan aika. Amma in na rubuta 'yana kuka', me za su zo da shi? Bari in kira Baba."

Ta danna lamba, ta buɗe murya. Na ji sallamar da na sani.

"Baba Mamman, ina wuni? Hassatu ce. Ga shi kuma ya fara."

"Lahiya lau, ɗiyata. Kai ni wurinshi."

Ta shiga, ta kanga wayar a jikin famfon. Shiru.

"Matsa baya, wajen da shika juyawa. Yawwa. Tsaya nan." Wani shirun. "Ba iska ba ce. Boris ne, zoben nan da ƙarfen shika juyawa cikinshi, yaf fara ci. Ki kashe shi shi huce, ki sa mai giris inda na nuna miki wancan karon, shina kai ki sati guda. Ki rubuta musu su zo da boris, kar su zo hannu sake."

Ta fita gindin matakala ta rubuta. Kafin ta kashe ya ce, "Baƙona ya iso wurinki? Ki kula da shi, kar ki bari shi kusanci jan bawul."

Na tambaye ta tun yaushe suke haka. Ta ce shekara uku ke nan. Sau ɗaya suka taɓa haɗuwa, ranar da ya biyo mota da kansa ya nuna mata wuraren sa giris. Mai kula da gidan ruwan Kwatarkwashi ma shi yake kira, da wani a Magami. Shi kuma in yana da saƙon da yake so ya isa ofis, ita yake faɗa wa ta rubuta.

Na zaro fom ɗinsa daga jaka na duba. Aiki da abokan aiki, biyar. Amfani da waya, sifiri. Da rubutuna, da jan biro.

"Malama Hassatu," na ce, "ba kwamiti ba ne. Ni ne."

"Na sani, Malam. Sunanka na ƙasan kowane shafi."

Komawa Gusau

Ta saya mini hoce, gurasar dawa ta yankin, na ci a tsaye, ƙarfe biyu na sami mota. Uku saura kwata ina gaban Injiniya Murtala. Na ajiye fom ɗin a teburinsa na faɗa masa komai, har da bawul, don na san labarin zai riga ni ko ya biyo ni.

Ya ɗauki fom ɗin ya duba. "Kai ka rubuta fom, kai ka ba da maki, kai kuma ka zo ƙarar fom ɗin."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ba zan tura mutum horo don ya ba ka tuwo ba."

Na ce kada ya yarda da ni, ya kira Bungudu. Ya kira, ya yi minti goma yana yi wa Hassatu tambayoyi. Da ya ajiye wayar sai ya jawo fayil ɗin rahotannin gyara ya yi ta juyawa. Ya ce ya daɗe yana mamakin yadda rahoton Bungudu kullum ke zuwa da sunan ainihin abin da ya lalace.

Ga abin da ya yanke. Baba Mamman da Hassatu za su shiga rukunin farko na horo. Ita za ta koya masa aika rahoto da murya, shi zai koya mata ɗakin inji. Horon kuma sai Baba Mamman ya ci shi da kansa, ba wanda zai ɗaga masa ƙafa. Ba za a cire sunan kowa da wancan fom ɗin ba. Zan sake tsara awon da Hausa, da baki, kuma mai awo zai wuni yana kallon mutum a bakin aikinsa, tare da wanda ya san inji. Ni kuwa, kafin in sake ba wani maki, zan riƙa kwana biyu duk wata a gidan ruwa.

"A matsayin me, ranka ya daɗe?"

"A matsayin mai kallo. Hannu a aljihu."

Ƙarfe biyar da kwata na shiga gida. Hadiza ta amsa sallama, ta dubi hular, ta ce sannu da zuwa, ta ƙara da cewa famfon rijiyarmu tun jiya yake wani gurnani. Na tsaya a tsakar gida na kira Baba Mamman na faɗa masa abin da aka yanke. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah shi saka da alheri."

Kafin ya kashe na ce, "Baba, ko za ka ɗan saurara mini nawa na gida?"

"Kai ni wurinshi."

Na durƙusa, na kanga wayar a jikin famfon yadda na ga an yi, na rufe ido ni ma. Muka yi shiru mu biyu. Na matsa baya. Na matsa gaba.

"Malam Sanusi," in ji shi a hankali, "ka kunna shi tukuna."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya a kan hanyar da ba kowa ke dawowa ba. Na gode wa Lawali direba, da Inna Luba, da Malama Hassatu, da Baba Mamman da iyalinsa da suka ciyar da ni suka tufatar da ni. Na kuma gode wa Hadiza, wadda ta ji komai daga bakin murhu, ta riƙe dariyarta har sai da na kashe waya.